Cinikin Ilmi Ta Hanyar Intanet



Gabatarwa

Makasudin wannan lacca shi ne a dubi wata sana'a wadda ta kunno kai a cikin shekarun 1990, ta kuma bunƙasa ƙwarai daga baya, watau sayar da ilmi da labari ta hanyar intanet. Abin da ake nufi da hajar ilmi a nan shi ne duk wani sani da mutum ya tattara, ya tsara shi a rubuce, ko cikin murya, ko cikin hoto mai motsi, sa'an nan ya miƙa shi ga mai bukata a bisa wani farashi, ba tare da takarda ko faifai ya bar hannun wani ya shiga hannun wani ba. Littafin da ake karantawa a cikin waya yana daga ciki, haka nan darasin ɗinki ko na girki da aka ɗauka a bidiyo, da jaridar da ake biyan kuɗinta wata-wata domin a karanta ta a kwamfuta.

Kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane masu yawa sun ɗauki wannan ciniki a matsayin sabuwar kafar samun kuɗi a gefen sana'arsu ta asali, kuma akan kwaɗaita wa matasa shi da cewa ba ya bukatar jari, ba ya bukatar rumfa, riba ce tsantsa. Akwai gaskiya a cikin wannan magana, amma rabinta ce. Tambayar da ya kamata duk mai niyyar shiga wannan kasuwa ya fara amsawa ita ce: tun da yake abin da aka sa a intanet kowa yana iya kwafarsa a banza, to, mene ne ainihin abin da mai saye yake ba da kuɗinsa a kai? Za a nemi amsar daga tarihin wani tsohon kamfanin littattafai da wata jarida ta Amurka, sa'an nan a dawo gida ga marubutan Hausa, waɗanda wannan tambaya take damun su a kullum.

Halin hajar ilmi

Hajar ilmi ta bambanta da sauran hajoji ta fuska uku. Ta farko ita ce ba ta ƙarewa. Ɗan kasuwar da ya sayar da buhun gero ya rabu da shi ke nan, in yana son ya sake ciniki sai ya saro wani. Wanda ya sayar da littafi ta intanet kuwa littafinsa yana nan a hannunsa, ko sau dubu goma ya sayar ba zai ragu ba. Dukkan wahala da kashe kuɗi suna kan kwafi na farko, watau bincike da rubutu da gyara. Daga kwafi na biyu zuwa na ƙarshe kusan ba a kashe ko kwabo. Wasu masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Kalifoniya, Carl Shapiro da Hal Varian, sun yi bayanin wannan a cikin littafinsu mai suna Information Rules a ƙarshen shekarun 1990, inda suka nuna cewa idan masu sayarwa da yawa suna riƙe da labari iri ɗaya, gasa za ta yi ta danna farashinsa har ya kusa zama babu.

Fuska ta biyu tana biye da ta farko. Sauƙin kwafa bai tsaya ga mai hajar kaɗai ba. Duk wanda ya saya ya sami ikon da mai ita yake da shi, yana iya tura wa mutum ɗari cikin ƙiftawar ido, kuma kwafin ba ya dusashewa kamar yadda kaset yake yi idan an yi ta gurza shi.

Fuska ta uku ita ce wadda Kenneth Arrow ya lura da ita tun cikin shekarar 1962. Mai saye ba zai san darajar labari ba sai ya ji shi, in kuwa ya ji shi ya riga ya mallake shi, babu sauran dalilin biya. Mai sayen atamfa yana iya taɓa ta, ya ɗaga ta a rana, ya taya. Mai sayen ilmi kuwa dole ya biya kafin ya gani, abin da Bahaushe yake kira cinikin biri a sama. Saboda haka wannan ciniki ba ya ƙulluwa sai in akwai wani abu da ya sa mai saye ya yarda da mai sayarwa tun kafin a buɗe ƙunshi.

Darasi daga Britannica

Babu tarihin da ya fi bayyana waɗannan halaye kamar na kundin ilmin nan na Ingilishi, Encyclopaedia Britannica. An fara buga shi a birnin Edinbara ta ƙasar Sikotilan a shekarar 1768, cikin mujalladi uku, daga baya mallakarsa ta koma Amurka. A can ne 'yan talla suka riƙa bin gida-gida suna rinjayar iyaye su saya wa 'ya'yansu, a kan kuɗin da ya haura dala dubu, akasari biya sannu-sannu. A shekarar 1990 ciniki ya kai ƙololuwa, aka sayar da jeri kimanin 120,000 a Amurka kaɗai.

A shekarar 1993 sai kamfanin Microsoft ya fito da nasa kundin mai suna Encarta a kan faifan kwamfuta. Bai kai Britannica zurfi ba, domin an gina shi ne a kan wani ƙaramin kundi, Funk & Wagnalls, amma yana da hotuna da sauti, kuma ba da daɗewa ba farashinsa ya sauko zuwa dala 99, har ma akan haɗa shi kyauta da sabuwar kwamfuta. A nan ne ta bayyana cewa iyaye da yawa ba zurfin ilmi suke saye ba, kwanciyar rai suke saye, cewa sun yi wa yaro abin da ya dace. Da kwamfuta ta zo ta biya wannan bukata, sai cinikin Britannica ya ragu da fiye da rabi cikin 'yan shekaru. A shekarar 1996 aka sayar da kamfanin ga wani attajiri, Jacqui Safra, aka kuma sallami 'yan tallan gida-gida.

Shi ma Encarta bai daɗe yana cin kasuwa ba. A shekarar 2001 aka kafa Wikipedia, wadda jama'a suke rubutawa da kansu, kowa yana karantawa kyauta, kuma a shekarar 2009 Microsoft ya rufe Encarta. Mai araha ya kori mai tsada, na kyauta ya kori mai araha, daidai kamar yadda masanan nan biyu suka faɗa.

Abin lura shi ne Britannica bai mutu ba. Tun a shekarar 1994 ya sa kundinsa a intanet ga masu biyan kuɗi, sa'an nan a hankali ya sake duban su wane ne masu bukatarsa da gaske. Ya tarar makarantu ne da ɗakunan karatu, waɗanda suke son abin da aka tantance, aka daidaita shi da manhajar karatu da shekarun yara, kuma akwai wanda za a kama idan aka sami kuskure. A watan Maris na shekarar 2012 kamfanin ya ba da sanarwar daina buga kundin a takarda, bayan shekara 244. Bugun ƙarshe shi ne na 2010, mujalladi 32, a kan dala 1,395. A lokacin wannan sanarwa, littafin takarda bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar kamfanin ba, kimanin kashi 85 kuwa yana fitowa ne daga kayan koyarwa da yake sayar wa makarantu. Watau abin da aka fara a matsayin ƙaramar kafa a gefe shi ne ya zama uwar sana'a. Ranar haihuwar wani sarki ko tsawon wani kogi kowa yana samu a banza, makarantu kuwa suna biya ne domin tantancewa da tsari da sunan da aka daɗe da yarda da shi.

Darasi daga jarida

Jaridar New York Times, wadda aka kafa a shekarar 1851, ta bi ta wata hanya mai kama da wannan. Jaridun Amurka sun daɗe suna dogara ga kuɗin talla fiye da kuɗin mai karatu, don haka da intanet ta zo sai suka zuba labaransu kyauta, suna zaton talla za ta biyo su. Tallar kuwa ta zarce wajen Google da Facebook. A watan Maris na shekarar 2011 wannan jarida ta sa shinge: mai karatu yana da labari 20 kyauta a wata, in ya wuce haka sai ya biya. Wannan dabara amsa ce ga matsalar da Arrow ya ambata, domin an bar mutum ya ɗanɗana kafin a ce ya saya, kamar yadda mai ƙilishi yake yi. A shekarar 2020 kuɗin da jaridar take samu ta intanet ya wuce na takarda, a shekarar 2023 kuma masu biyan kuɗi suka kai miliyan goma. Bugu da ƙari, ta buɗe rumbunta ta fito da abubuwan da a da ake gani kamar cikon shafi ne, irin su bayanin girke-girke da wasannin wasa ƙwaƙwalwa, ta mai da kowanne haja mai farashinta. Darasin da ke nan ga kowane mai sana'a shi ne, sau da yawa hajar ilmi tana nan kwance a cikin abin da ya daɗe yana yi, bai ɗauke ta a bakin kome ba.

Ƙananan masu sana'a da dillalansu

Waɗannan manyan kamfanoni ne. Abin da ya buɗe ƙofa ga mutum ɗaya shi ne bayyanar dillalai masu ba da rumfa da karɓar kuɗi a madadinsa. A shekarar 2007 kamfanin Amazon ya fito da na'urar karatu ta Kindle, tare da tsarin da marubuci zai sa littafinsa da kansa, kuma daga shekarar 2010 ya riƙa ba marubuci kashi 70 cikin ɗari idan farashin littafin yana tsakanin dala 2.99 da 9.99. A shekarar 2010 aka kafa Udemy domin masu sayar da darussa, a 2017 kuma Substack domin masu rubutun da ake biya wata-wata, inda dillali yake ɗaukar la'adar kashi goma. A Nijeriya, kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack da Flutterwave sun sauƙaƙa biya da kati, aka kuma sami Selar a shekarar 2016, inda ake sayar da littattafai da darussa da naira.

Sai dai wanda ya kasa kaya a rumfar wani, ranar da mai rumfa ya tashi shi ma ya tashi. OkadaBooks, wadda aka kafa a shekarar 2013, kuma marubutan Nijeriya da yawa suka dogara da ita, har da na Hausa, ta rufe a watan Nuwamba na shekarar 2023. Marubucin da bai san masu karatunsa ba sai ta bakin dillali ya wayi gari babu kasuwa, wanda kuwa yake da hanyar isa gare su kai tsaye ya ɗauki kayansa ya koma wata inuwa.

Marubutan Hausa a sabuwar kasuwa

Cinikin rubutu ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kafin zuwan maɗaba'a akwai masu kwafar littattafai da hannu, kuma tsadar littafi tana cikin watannin da aka ɓata ana kwafarsa. Jaridar da aka fara bugawa a Zariya a watan Janairu na shekarar 1939, wadda Abubakar Imam ya zama editanta, sunanta ma maganar farashi ne, watau Gaskiya Ta Fi Kwabo. A tsakiyar shekarun 1980, da tattalin arziki ya taɓarɓare, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasa maza da mata suka shiga buga ƙagaggun labaransu da kuɗinsu, abin da aka sa wa suna adabin kasuwar Kano. Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suna cikin waɗanda suka yi fice. Waɗannan marubuta sun saba raba labari kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, a tsaya daidai inda mai karatu ya ƙagu, sa'an nan akwai masu ba da hayar littafi a cikin unguwanni.

Da takarda ta yi tsada, waya kuma ta shiga hannun kowa, sai wannan kasuwa ta yi ƙaura a cikin shekarun 2010 zuwa Facebook da Wattpad da WhatsApp, kuma mata ne suka fi yawa a cikin masu rubutu da masu karatu. Tsarin cinikin sananne ne. Marubuciya takan saki shafuffukan farko kyauta, idan labari ya ɗauki zafi sai ta sanar cewa daga nan sai wanda ya biya. Mai so ta tura kuɗi ta banki ko ta katin waya, ta nuna shaidar biya, a shigar da ita zauren da ake sakin ci gaban labarin kullum. Ba maɗaba'a, ba ɗan kasuwa a tsakani, kuma mai karatu a Maraɗi ko Kumasi ko Jidda tana samun shafin a daidai lokacin da ta Kano take samu. Matar da ke cikin gida ta sami sana'a da wayarta, wasu ma suna ƙarawa da tallata turare da atamfa a tsakanin shafuffuka.

To, amma halin hajar ilmi bai bar su ba. Mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka biya ya isa ya fitar da shafi zuwa wasu zauruka, kafin gari ya waye ya zaga ko'ina. Wasu kuma sukan karanta littafin da murya su sa a YouTube, su ci kuɗin talla, mai shi ba ta sani ba. Shi ya sa da wuya a buɗe irin waɗannan littattafai ba a tarar da gargaɗi da Allah ya isa a saman shafi ba. Akwai doka: sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na shekarar 2023, ta tanadi hanyar sa a cire abin da aka sata aka sa a intanet. Sai dai wadda take sayar da littafi a kan 'yan ɗaruruwan naira ba ta da halin ɗaukar lauya.

Duk da wannan sata, ciniki bai tsaya ba, kuma dalilin ya cancanci nazari. Masu biya sun san cewa in sun yi haƙuri za su samu a banza. Suna biya ne domin su karanta da ɗuminsa, a jere, ba sai sun bi zauruka suna roƙon shafi na arba'in ba. Domin su yi sharhi tare da marubuciyar, har wani lokaci ra'ayinsu ya taɓa makomar labarin. Kuma domin sun gwada ta a baya sun ga tana kai labari ƙarshe. Ɓarawo yana iya kwafar shafi, amma ba ya iya kwafar waɗannan. Marubuciyar da ta karɓi kuɗi ta bar labari a rataye ta yi wa kanta asarar da ta fi ta ɓarawo, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Gurɓatacciyar haja

Kasuwar da ake biya kafin a gani ba ta rabuwa da 'yan damfara. Da yawa daga cikin abin da ake tallatawa da sunan hajar ilmi a yau darasi ne na yadda za a yi kuɗi a intanet, kuma idan an buɗe sai a tarar abin da ake koyarwa shi ne yadda za a sayar wa wani da wannan darasin. Kuɗi yana tafiya daga na ƙasa zuwa na sama, babu wani sani da ya ƙaru a duniya. Hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sha gurfanar da masu irin wannan alkawari. Ma'aunin gane su mai sauƙi ne: a tambayi mai koyar da kiwon kaji ina kajinsa, mai koyar da ɗinki ina ɗinkinsa.

Daɗin daɗawa, tun daga watan Nuwamba na shekarar 2022 da aka fito da ChatGPT, na'ura tana iya tsara littafi cikin mintoci, har ta kai a watan Satumba na 2023 Amazon ya taƙaita wa kowane marubuci sababbin littattafai uku a rana. A da kwafi na biyu ne ba ya cin kuɗi, yanzu kwafi na farko ma ya yi araha. Sakamakon haka shi ne, gwargwadon yawan rubutu, gwargwadon tsadar sanin wanda za a yarda da shi. Malaman zaure sun daɗe da gane wannan, shi ya sa ba a tambayar ɗalibi littafin da ya karanta kawai, sai an tambaye shi a gaban wa ya karanta.

Wajibi ne kuma jami'a ta dubi kanta. Jami'o'i da yawa a Nijeriya sun hana malamai tilasta wa ɗalibai sayen takardun darasi, kuma mayar da takardun cikin waya ba ya sauya hukuncin. Inda mai sayarwa shi ne mai ba da maki, babu yarda, saboda haka babu ciniki. Amma malamin da ya shirya darussan nahawun Hausa ko na karatun ajami domin baƙi da 'ya'yan Hausawa mazauna ƙetare, waɗanda suka zo da kansu kuma suna iya tafiya da kansu, wannan ya ci halaliyarsa, ya kuma yi wa harshen hidima.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, amsar tambayar da aka fara da ita ta fito. Mai saye ba ya biyan kuɗin kwafi, domin kwafi ba shi da tsada. Yana biyan kuɗin tantancewa, da tsari, da samun abu a kan lokaci, da kusanci ga mai ilmin, kuma dukkan waɗannan suna tsaye ne a kan amana. Saboda haka mai sana'ar da yake son buɗe wannan kafa ya fara da abin da ya sani da hannunsa, ya bar mutane su ɗanɗana, ya riƙe hanyar isa ga masu sayensa ba sai ta dillali kaɗai ba, sa'an nan ya cika abin da ya ɗauka. Hukumomin haƙƙin mallaka da ƙungiyoyin marubuta su ma suna da aiki a gabansu, na samar wa ƙaramin marubuci hanyar kai ƙara wadda ba ta fi kuɗin littafinsa tsada ba. Sassan koyar da Hausa kuma ya kamata su tashi su adana wannan adabi na waya, domin abin da yake zaune a zauren WhatsApp yana iya ɓacewa ranar da waya ta faɗa ruwa. Allah ya sa a dace.